Kek ɗin Walimar Khadija da Aka Ƙi Yankawa

Hajiya Ladi,

Don Allah ki taimake ni. Yau kwana tara ke nan abu yana cin raina, kuma idan na faɗa a gida sai a ƙara zuga ni.

Ni Kirista ce, ina zaune a Narayi, ina aiki a wata masana'anta a Kudenda. Amma zane shi ne abin da zuciyata take so. Ba yabon kai ba, Hajiya, Allah ya ba ni hannu. Tun ina firamare nake shan bulala a kan cika bayan littafi da fuskokin mutane. Yanzu ni ke rubuta allon sanarwa a cocinmu, ni ke tsara katin bikin rabin layinmu, kek ɗin da na yi wa ado kuwa sai an gaji da ɗaukarsa hoto kafin a taɓa shi. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai.

Ina da aminiya, Hauwa. Gida ɗaya muka yi haya a Makera kafin kowa ta koma inda hankalinta ya fi kwanciya, ita Tudun Wada, ni nan. 'Yarta Khadija a bayana ta yi wayo, har gobe Mama take ce min. Da na ji ta sauke Alƙur'ani za a yi walima, na ce kek ɗin nan ba mai yin sa sai ni.

A falonsu akwai wani rubutun Larabci a cikin gilashi da na daɗe ina kallo. Na san aya ce. Mu idan ana baftisma nakan rubuta ayar Littafi Mai Tsarki a kan kek, a yanka a ci ana murna, sai na ce bari in karrama yarinyar nan da nata littafin. Na ɗauki hoton rubutun a waya ban faɗa wa kowa ba. Sati uku ina kwaikwayonsa da fensir, daga dama zuwa hagu, ni da ko harafi ɗaya ban sani ba. Sannan na shimfiɗa farin sukari a saman kek, na rubuta da kore da ruwan zinari. Kai, Hajiya, da kin gani! Ni kaina sai da na tsaya ina kallo.

Na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, na rungume kek ɗin a cinya har ƙofar gidan. Mata suka yanyame shi suna ta santi. Sai mijin Hauwa, Malam Zakariyya'u, ya leƙo, ya sunkuya, na ga leɓensa yana motsi. Ya ɗago ya yi wa Hauwa magana a hankali, ita kuma ta ɗauke kek ɗin ta shige ɗaki. Shi ke nan. Cincin da zoɓo aka raba wa mutane. Na zauna kamar an watsa min ruwan sanyi, ko abinci ban jira ba na sulale.

Maigidana Shekari ya ce ai dama, hannun Kirista ne ba sa so. Ban yarda ba, don shekara ashirin Hauwa tana cin tuwona, amma maganar ta zauna min. Sau huɗu tana kira ban ɗauka ba. Jiya kuma ta turo min hoto: sun ɓare saman kek ɗin gaba ɗaya kamar ɓawon doya, sun ajiye rubutuna a faranti cikin kabad ɗin gilashi, kusa da kwanukan aurenta. Wannan ba izgili ba ne? Ina son matar nan, ba na so in rasa ta, amma na ji ciwo ƙwarai. In share ta ne, ko yaya?

Mai Fensir, Narayi

Mai Fensir,

Sannu da ƙoƙari. Ajiye fushin nan tukuna, ki ɗauko wayarki ki sake kallon hoton da Hauwa ta turo miki.

Ni ba malama ba ce, amma a gidajen Musulmi da yawa ba a ɗora wa aya wuƙa, ba a kuma bari gutsurenta ya zube ƙasa ko ya tafi bola a jikin takardar goge hannu. Ko takarda ce mai sunan Allah aka gani a hanya, ɗagawa ake yi. A cocinku yanka kek mai aya girmamawa ce, a gidan Hauwa ƙin yankawar shi ne girmamawar. Da malamin masallacinsu ne ya yi wannan rubutu, ɗakin nan dai za a kai shi. Saboda haka ki ce wa Malam Shekari ya sassauta, ba batun hannun Kirista ba ne.

Suna da nasu laifin. Ya kamata Hauwa ta ja ki gefe a ranar ta yi miki bayani, maimakon ta bar ki zaune cikin mutane. Hidimar walima ba hujja ba ce. Amma ke ma kin shiga al'adar mutane ba ki yi sallama ba. Tambaya ɗaya da ta raba ki da wannan ɓacin rai. Kuma wadda ta kira sau huɗu ba ta yi kama da mai son rabuwa ba.

Ke kin fi ni sanin wuyar ɗaga shimfiɗar sukari daga kan kek ba tare da ta tsage ba. Wani ya zauna ya yi wannan aiki a hankali. Kek ɗin da ke ƙasa kuwa ina kyautata zaton tuni ya shige cikin su Khadija. Mace ba ta ajiye abin izgili kusa da kwanukan aurenta.

Ki kira ta yau, ki faɗa mata kin ji ciwo, ki kuma saurare ta. Ran Asabar ki je da ƙaramin kek mai furanni da sunan Khadija, a yanka a gabanki. Sukari ba ya daɗewa, tururuwa ma ba za ta bar shi ba, don haka ki nemi izinin Malam Zakariyya'u ki sake rubuta ayar a takarda mai kyau, ya duba, a sa a gilashi.

Kin ce kin ga leɓen Malam Zakariyya'u yana motsi. Karantawa yake yi, 'yar'uwa. Ke da ba ki san harafi ɗaya ba kin rubuta abin da malami ya karanta, ya kuma hana a sa masa wuƙa. Duk yabon da aka taɓa yi wa hannunki bai kai wannan ba.

Allah ya ƙara wa hannun nan albarka, ya bar ki da Hauwa.

Hajiya Ladi