Takardar da Ka Kai Aka Yi wa Leda

Zuwa ga ƙanena Haruna, a Paraku ko duk inda kunya ta jefa ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto maka a nan, a shafina, gaban kowa, tunda wata huɗu ke nan ka kashe layinka. Na san kana leƙowa. Ka karanta, jama'a ma su karanta.

Kai ka shigo mana da kirifto gida, kuɗin nan na intanet. Da aka rufe gadar iyaka da ke tsakanin Gaya da Malanbil, aika kuɗi Kwatano ya zama wahala, ka zaunar da ni a shago ka buɗe mana asusu a waya, ba banki ba wakili, makullinsa kalmomi goma sha biyu kawai. Jarina na shinkafa da kuɗin gonar Baba ta Bengu, duk can muka zuba. Na ɗaga waya zan ɗauki hoton takardar kalmomin, ka buge mini hannu, ni da na goya ka. "Yaya, wanda ya ga kalmomin nan ya ga kuɗin. Ba hoto, ba turawa, ko liman kada ki nuna wa." Sai da ka sa na maimaita kamar 'yar lekol a gaban malamin aji.

To malam mai wa'azi, kai me ka yi?

Ka cusa takardar a aljihu ka shiga kwale-kwalen Malanbil, ruwa ya fallatso, tawada ta fara bajewa. Maimakon ka zo gida ka kwafe ta da hannunka, sai ka yi abin da kowane direba ke yi da takardun motarsa: ka kai ta rumfar fotokofi a yi mata leda. Ka miƙa wa mutumin da ko sunansa ba ka sani ba. Ya ce bari ya buga kwafi ɗaya ya gwada zafin inji, kai kuma ka juya kana gardamar kokawa da masu shayi. Ka dawo kana nuna mini tana sheƙi, wai ko kogi ta faɗa ba abin da zai same ta. Ni ma sakarya na ce madalla.

Bayan kwana tara asusun ya zama wayam. Sai a ranar ka tuna da kwafin gwajin. Mai rumfa ya rantse ya yage shi, kuma kai da bakinka ka ce irin wannan asusun ba shi da ofishin da ake kai kuka.

Na zage ka a ranar, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma zagi ne, Haruna, ba kora ba ce. Na koma awo da tiya a ƙofar gida, ban mutu ba. Na buɗe sabon asusu, kalmominsa da hannuna na rubuta a takarda biyu, na ɓoye wuri biyu, kuma ba ta jirgi suke bi ba. Karatunka ne nake aiki da shi, shashasha.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Inna. Kowace ranar kasuwa sai ta ja kumburarrun ƙafafunta zuwa bakin kogi, tana bin masu jirgi ɗaya bayan ɗaya ko sun ga ɗanta. Ina yi mata ƙarya cewa kana kirana. Takan ce "To, ki gaishe shi," ta kawar da kai. Kuɗin gonar ko sau ɗaya ba ta ambata ba. Kai kake can kana ɓuya daga matar da ba ta nemi komai ba sai fuskarka.

Shekaranjiya ta miƙo mini hotonka, wanda ka ɗauka jikin motar ubangidanka. Yawan shafawa ya sa gefensa ya fara cinyewa. Ta ce in kai a yi masa leda kada ya lalace. Ka san gidanmu, Haruna. Hoto ɗaya ne aka taɓa yi wa leda, na Baba, bayan sadakar arba'in.

Ban kai ba. Yana cikin jakata, kuma kullum sai ta tambaya. Uzurina ya kusa ƙarewa, auta.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya cire maka wannan kunyar banza, Ya sa ka tarar da ita tana iya tashi ta tarbe ka. Amin.

Yayarka da har yanzu take fushi da kai,
Hadiza, Gaya.