Sa Hannun Mama

Bendigo, 9 ga Afrilu, 1916

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama. Yaya ciwon bayan? Ruwan shukar alkama ya sauka kuwa? Ni lafiya lau nake, aikin gidan Misis Aldous bai fi ƙarfina ba.

Na ga Yaya Clarrie a tashar jirgin ƙasa ran da aka tafi da sababbin sojoji yaƙi. Kakin ya yi masa yawa, sai da ya naɗe hannun rigar. Ya ja kunnena da wasa a gaban abokansa, ya ce, "Ga Bebiyar gidanmu. Ku gaishe ta, amma kada ku jira amsa." Da na tambaye shi saƙon da zan ba ka, sai ya ce, "Ki ce wa tsoho kututturan gonarsa su jira ni, ba gudu za su yi ba."

Mama ta rubuto min cewa ka je ofishin ɗaukar soja, ka ce ɗanka shekararsa sha takwas kuma ba ka yarje masa ba, sai suka nuna maka takardar izinin iyaye da sa hannunta a ƙasa. Ta ce tun ran nan ka ɗauki bargonka ka koma rumfar dawaki. Don Allah ka koma ɗaki, Baba, sanyi na tafe. Kowa na cewa kafin girbi za a gama yaƙin.

'Yarka,
Myrtle


Bendigo, 3 ga Satumba, 1916

Babana,

Ina gaishe ka, ina yi mana gaisuwar rashin Clarrie. Kana samun barci? Na dawo wurin aiki lafiya.

Har yanzu ina ganin keken dokin fasto yana shigowa ta ƙofar shinge, da yadda Mama ta zauna a ƙasa tun kafin ya sauko. Kwana huɗu kawai Clarrie ya yi a fagen daga, a wani ƙauyen Faransa da fasto ma ya kasa faɗin sunansa. Babu kabari. Safar da na saƙa masa ta dawo min a ƙunshinta, ko zaren ba a kwance ba.

Misis Aldous ta ce min, "Ɗaga kanki, yarinya, gidanku ya sami daraja." Ɗanta Rupert shekararsa ashirin da shida, bai tafi yaƙi ba, wai ƙirjinsa ba shi da ƙarfi. Ni nake goge masa rigunan wasan ƙwallo duk Asabar.

Baba, abin da ka faɗa a kan tebur bai dace ba. Mama tana kuka, ka ce, "Wadda ta sa hannu ba ta da bakin kuka." Ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta rantse ba ita ba ce, ka ce, "Har da Littafin, Harriet?" Ina tsaye a bayanka da butar shayi. Na buɗe baki, na rufe. Ka san ni.

'Yarka,
Myrtle


Bendigo, 20 ga Mayu, 1917

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Na ji ɓarnar da ɓeraye suka yi wa buhunan alkama. Na kuma ji ka ce wa Mama ta haɗa kayanta ta koma wurin ƙanwarta a Adelaide, jirgin Juma'a. Shi ya sa na rubuto. In na tsaya a gabanka ba zan iya ba.

Ni ce.

Clarrie ya zo ƙofar kicin ɗin Misis Aldous da takardar izinin a aljihu. Ya san tun muna yara ina kwaikwayon rubutun mutane don in ba shi dariya. Ya ce, "Bebiya, hannun Mama nake so, minti ɗaya ne. In na ƙara shekara a gonar nan, ni ma kututture zan zama." Sau biyu na ƙi. Ya fita, ya dawo da koren ƙyallen ɗaure gashi. Na gwada sau uku a jikin takardar naɗe nama, sannan na yi a kan tasa. Ya duba, ya yi fito, ya ce, "Kai! Ko Mama sai ta ce ita ta yi." Na ji daɗi, Baba. Wannan ne ya fi ci min rai. Babu wanda ya taɓa yaba min haka.

Ina jin haushinsa, ko da yake ya mutu. Ya sayi hannuna da ƙyalle ya tafi ya bar min sauran. Ina jin haushinka kai ma. Littafin da aka ba ni kyautar iya rubutu a makaranta yana kan kantar ɗaki, kai kake nuna wa baƙi. Fiye da shekara guda kana harara Mama a ƙarƙashinsa, ko sau ɗaya ba ka ɗaga ido ba. Da ka tambaye ni, da na faɗa. Amma ba ka taɓa tambayata komai ba sai ko na ba maruƙa ruwa.

Na san za ka ce ƙarya nake yi don in cece ta. To, wannan wasiƙa daga Bendigo ta fito, hatimin gidan waya zai nuna maka, Mama kuwa tana can cikin kicin ɗinka. Ka duba ƙasan wasiƙar nan, ga sa hannunta nan na yi. Ka duba wutsiyar da take ja a ƙarshen sunanta.

In akwai wadda za a kora, ba sai ka sha wahala ba, na riga na bar gidan. Ita dai kada ta hau jirgin Juma'a.

'Yarka, in har yanzu ka yarda,
Myrtle

Harriet Penhall