Takalman da Ka Aiko wa Baffa

Kalgo, watan Rabi'ul Awwal, 1955

Zuwa ga ƙanena Atiku, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka Hajara, da yarinyar da har yau sunanta kawai muka sani. Allah Ya raya ta, Ya tsare ka a wurin aikinka na bakin teku. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuya ana jiran yanka, shinkafar fadama ma bana ruwa bai ci ta ba. Maigidana Garba yana lafiya, ɗiyata Indo ta yaye ɗanta, Gwaggo Albarka ta Diggi tana nan da ciwon gwiwarta da kaifin bakinta, babu wanda ya ragu. Mahaifinmu Baffa yana wurina a Kalgo. Na san a lissafinka yanzu ya yi nisa a hanyar Gabas. To bai tafi ba, abin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan.

Ka san tun rasuwar Inna Baffa ba shi da zance sai na aikin Hajji. Da Malam Ɗahiru ya haɗa ayari a Gwandu, aka tsai da tashi da kaka, a bi ta Kano da Barno a faɗa Sudan, wani wuri mota wani wuri ƙafa, har bakin ruwa inda za su shiga jirgi zuwa Jidda. Baffa ya sayar da bijimansa, sauran shanun ya ba 'yan'uwa riƙo. Na bar gidana na koma Gwandu don in yi masa shiri. Ya je wurin baduku ya taka fata, aka zaga ƙafarsa aka yanka masa takalman fade daidai da shi, ni kuma na yi ta shafa musu man shanu har suka yi laushi. Da su yake zuwa masallaci da gona, bai taɓa cewa sun matsa masa ko'ina ba.

Ana nan sai ga Abu mai fataucin goro da kwalinka. Aka buɗe a zaure gaban jama'a, ga baƙaƙen takalma sau-ciki masu igiya suna ta ƙyalli. Abu ya isar da saƙonka baki da baki: wai kai ka san jirgin ruwa tunda kullum kana ganinsa, daɓensa ƙarfe ne mai zafi da santsi, kuma ana raina mai fade a ciki. Wai Baffa ya riƙa sa su kullum tun yanzu, don su saki kafin ranar shiga jirgi. Atiku, da me ka auna? Da ka aiko tambaya, ai da an yanko kara daidai ƙafarsa an ba Abu, kamar yadda kowa ke yi. Mutumin da ya tashi yana bin shanu a daji, ƙafarsa faffaɗa, yatsu a baje, diddige duk faso, shi ka saya wa takalmin akawu. Ina tsaye ya cusa ƙafa da ƙyar, na ga yadda ya cije, amma da ya ɗago kai sai fara'a. A ranar ya kyautar da faden nan ga ladan. Na yi magana, ya ce ba zai haɗa abin ɗansa da wani ba. Malam Ɗahiru ma ya tuna masa cewa mai harami ba ya sa rufaffen takalmi, ya ce ya sani, in lokacin ya yi zai tuɓe.

Ka kuma san al'adar gidanmu, wadda kakanmu ya yi kafin tasa tafiyar: mai zuwa Makka sai ya taka da ƙafarsa zuwa gidan kowane ɗan'uwa ya nemi gafara, ba ya hawa dabba don kada a ce ya zo da girman kai. Na dawo Kalgo in jira shi, shi kuma ya ɗauki sanda ya fara da Dalijan. Kowa in ya sami sabon takalmi rataya shi yake a kafaɗa, sai ya kusa shiga gari ya sa. Baffa ya ƙi, don ka ce kullum. Duk gidan da ya isa sai ya tuɓe a bakin zaure, in ya fito ya sake cusa ƙafar a kan ƙurjin da ya fashe. Mutanen Dalijan sun gaya mini daga baya cewa sun ga jini a dunduniyarsa, suka ba shi fade aro, ya ce a bar shi, takalmin ne ke koyon ƙafarsa. Duk wanda ya yaba, sai ya tsaya ya faɗa masa Atiku ne ya aiko daga Ikko. Haka ya ratsa Birnin Kebbi, ya tsallake fadama da sauran ruwanta, yashi da laka suka shiga ciwon, ya mai da takalmin ya ɗaure.

Da ya shigo gidana ban gane tafiyarsa ba, sai da ya yi sallama. Ƙafar dama ta kumbura har igiyar ta nutse a ciki, jikinsa zafi rau. Garba ya ɗauko wuƙa zai farke takalmin, Baffa ya riƙe masa hannu, ya rantse ba za a taɓa shi ba. Sai man shanu muka tsiyaya muka yi ta ja, dattijon nan yana salati, hawaye na zuba, ni ma ina yi. Abin da muka tarar ba zan rubuta maka ba. Wanzami ya yi iyakar ƙoƙarinsa, da abin ya ƙi muka ɗora shi a jaki zuwa asibitin Birnin Kebbi. Likita ya ce a gode Allah da ƙafar ta tsira, amma babban yatsan sai da aka cire.

Malam Ɗahiru ya yi mana kara, ya jinkirta tashi har mutanensa suka fara gunaguni. Daga ƙarshe ya zo Kalgo da kansa ya duba ƙafar. Baffa ya miƙe da sanda don ya nuna masa zai iya, bai kai bakin ƙofa ba ya zube. Ayari ya tashi ranar Alhamis da ta wuce. Malam ya ce in Allah Ya kai mu baɗi, amma wa zai sake haɗa ayari baɗi, kuma da wace ƙafa? Baffa ya fi mu sani. Ya kira ni ya ce in kwance guzurin in raba wa yara kada ya lalace, likkafanin da ya tanada don hanya kuwa in ajiye masa kusa.

Raina a ɓace yake, Atiku, ba zan ɓoye maka ba. Ina jin haushinka, ina jin haushin Baffa ma. Ni ce mai zirga-zirga tsakanin Kalgo da Gwandu damina da rani, ni ce mai damun fura da wankin ciwo, ban taɓa jin ya tsai da wani a hanya ya ce Zulai ce ta yi ba. Kai shekara nawa ba ka leƙo ba, har ka manta girman ƙafar ubanka, amma kwali guda ya isa ya sa shi zagaya ƙasa yana kiran sunanka. Na san ba mugunta ka nufa ba, kuma ƙaddara ba ta wuce lokacinta. Duk na faɗa wa kaina wannan, zuciyata ba ta yi sanyi ba. Kada ka aiko magani, kada ka aiko komai a hannun Abu. In kana da abin yi masa, ka nemi hutu ka zo da kanka tun yana gane mutane.

Garba yana gaishe ka. Indo da mijinta Lukuman suna gaishe ku. Gwaggo Albarka ta ba da nata saƙon, amma na ga ya fi kyau ta faɗa maka da bakinta. Ka gaishe mini da Hajara, ka shafa kan yarinya. Baffa ya san ina rubutun nan. Ya hana ni ambaton ƙafar, ya ce in ce zazzaɓi ne ya tsai da shi, kada hankalinka ya tashi a bakin aiki. Ya ce yana sa maka albarka, kuma in tabbatar na gaya maka takalman sun yi masa daidai. To, na gaya maka.

Wassalam. Ni ce addarka,
Zulai