Sabulu Mai Mabuɗi

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can tashar ruwa. Ya ciwon bayan nan? Ka ce da sauƙi, amma na san halinka, ko ƙafarka ce ta cire da sauƙi za ka ce. Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka. Tunda katin waya ya gagari kowa, ga ni na koma biro da takarda, direban tankar ruwa zai kawo maka.

Albashin da ka aiko ya iso, jaka guda cike. Kada ka ji haushi, na shimfiɗa takardun a ƙasan akwatunan sabulu don kada ya manne wa katako, kuma wallahi sun yi amfani. Tunda darajar kuɗi ta faɗi, ban da wannan babu mai karɓarsu, ko mai gawayi kallonsu ba ya yi.

Ga labarin da zai ba ka dariya. Ka san tsohon mabuɗin ɗakinmu na farko, wanda nake dannawa a kan kowane sabulu kafin ya bushe. Mai ƙwai ce ta fara, ta ce in ba ta sabulu maimakon kuɗi. Ita kuma ta biya mai aski da shi, mai aski ya biya mai gyaran takalmi. Bayan mako uku na je sayen gishiri, sai aka miƙo mini sabuluna a matsayin canji. Yanzu duk unguwa da shi ake ciniki, mabuɗi ma suke ce masa. Ƙwai shida mabuɗi ɗaya, aski rabin mabuɗi. In za a raba sai a yanka ta tsakiyar tambarin, kowane ɓari ya tafi da shaidarsa. Ni da ka ce hannuna ba ya riƙe kuɗi, yau ni ce ke dafa su a ganga.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ƙawata Tela ta sayar wa Mai Babban Shago kekenta na ɗinki a kan sabulu ɗari biyu. Ta ce ba mai ɗinka sabon kaya yanzu, ga 'yarta da ciki wata biyar, gara ta riƙe abin da ke da daraja. Ta jera su a akwatin ƙarfe ta sa kwaɗo. Shekara ashirin ina jin ƙarar keken nan ta jikin bango, yanzu shirun ya dame ni. Da ta nemi shawarata, na ce mata sabulu ba ya lalacewa. Gaskiya na faɗa, amma ban ji daɗin bakina ba.

Ka kula da kanka, ka rage ɗaga ƙarfe kai kaɗai.

Taka har kullum,
Kumfa

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar lafiyarka da ta aiki. Wasiƙarka ta zo, na karanta ta sau uku, har da inda ka kira ni shugabar banki. Ka yi dariyarka, ni tawa ta ƙare.

Maigida, mutane sun daina wanka da sabulu. Wa zai goge kuɗin haya a jikinsa? Malamin makarantar yaranmu da sabulu ake biyansa, amma in ka ga wuyan rigarsa sai ka tausaya masa. Maƙwabcinmu na sama ya kusa korar matarsa don ta wanke kwanuka da rabin mabuɗi. Ɓeraye kuwa sun gano inda dukiya take, har kyanwa ta yi tsada. Masu wayo sun lura sabulu yana raguwa in ya daɗe, sun fara yawo da sikeli a aljihu. Kullum da safe ina ganin layi a ƙofarmu, ba wanda ke shinshina sabulun kamar da, juya shi kawai suke yi su duba tambari.

Shekaranjiya Mai Babban Shago ya zo da wasu 'yan kasuwa biyu, sun zauna a kan bencin tsakar gida suna ta yabon aikina. Buƙatarsu ita ce kada in wuce guda ɗari a mako, su kuma su riƙa ba ni mai da soda kyauta, da buhun hatsi duk wata. Sun ce in sabulu ya yi yawa, ajiyar kowa za ta zube. Ba zan ɓoye maka ba, na kalli buhun nan a zuciyata, na kalli ƙafafun yaranmu da suka rame.

Suna fita Nas ɗin ƙaramin asibitinmu ta shigo. Ba ta zauna ba. Ta ce jarirai biyu cibiyarsu ta ruɓe a wata guda, ɗaya bai rayu ba, kuma da toka da ruwan zafi take wanke hannu tsakanin haihuwa da haihuwa. Na ga hannayen, duk sun tsage. Na ba ta guda ashirin marasa tambari, ina ganin na yi dabara. Cikin kwana biyu aka sace sha huɗu, wani ya ɗumama su ya danna mabuɗin gidansa, suka shiga kasuwa. Ashe muddin abin nan kuɗi ne, ba zai zauna kusa da ruwa ba.

Na yi ta juya maganar ina tuƙa ganga. Hanya ɗaya na gani, in koya wa duk mai so yadda ake yi, a fili, har sabulu ya yi yawan da ba wanda zai ɓoye shi. Ba sirri ba ne mai wuya, awo ne da haƙuri. Amma ka san abin da ke cikin akwatin ƙarfen Tela. In na gaya mata tun da wuri, za ta fitar da ɗari biyun ta zuba wa maƙwabta, su kwana da asara a madadinta. In na yi shiru, na cuce ta da bakina sau biyu. 'Yarta kuma a hannun Nas ɗin nan za ta haihu.

Da kana nan da ka ce in ci abinci tukuna. Ka yi mini addu'a.

Matarka,
Kumfa

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka yafe mini jinkirin amsa, hannuna ne ya ƙi biro.

Na yi abin da na ce, na koya musu. Kwana uku kafin nan na shiga wurin Tela da niyyar faɗa mata. Ta kawo mini ruwa, ta buɗe akwatin tana nuna mini yadda ta naɗe kowane guda a tsumma saboda ɓera, tana lissafa abin da za ta saya wa jikanta. Na sha ruwan, na yaba tsumman, na tashi. Ban taɓa jin na raina kaina kamar a bakin ƙofar nan ba.

Ranar Asabar na kai ganga da muciya filin makaranta. Mata sun fi sittin, har da maza a baya suna yi kamar wucewa suke. Na nuna musu awon mai da na soda, da cewa soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, da yadda ake gane ya kama in muciya ta bar layi. Wanda ba shi da soda na nuna masa yadda ake tace ruwan toka. Na ɗaga mabuɗin kowa ya gani, na ce daga yau ba zan ƙara danna shi ba. Ina cikin magana na hango Tela a bakin katanga. Ta tsaya har na gama, sannan ta juya.

Tun kafin sabon sabulu ya bushe farashi ya faɗi. Yau ƙwai ɗaya mabuɗi biyu. Mai Babban Shago ya daina sayar mini da mai, wasu sun jefi ƙofarmu, malamin makaranta kuwa ya wuce aji da farar riga tas yana hararata. Duk wannan zan iya ɗauka. Tela ce ba ta amsa gaisuwata. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta cusa tsumma ta toshe ramin bangon da muke miƙa wa juna gishiri da wuta.

Kasuwa yanzu ta rikice, wasu batir suke karɓa, wasu man fetur a kwalba, wasu sun koma cewa yi mini aikin yini in yi maka na yini. Na lura wannan na ƙarshen sai tsakanin waɗanda suka yarda da juna, ni kuwa na san abin da na yi da yardar da aka ba ni.

Ina kewarka ƙwarai.

Taka,
Kumfa

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya aiki? Direba ya ce an ba ku hutu ƙarshen wata, yara har sun fara share ɗaki.

'Yar Tela ta sauka ranar Talatar makon jiya da hantsi, mace, uwa da jaririya lafiya. Nas ta ce da sabulu ta wanke hannu har gwiwar hannu, sau uku, ba wanda ya tsaya yana ƙirga mata. Cibiya ta faɗi a bushe.

Ba a aiko mini ba, amma na je. Na tarar da Tela a bayan gida gaban baho, akwatin ƙarfe a buɗe gefenta, tana wankin zannuwan haihuwa da sabulun da ta ba da kekenta a kansa. Na yi sallama, ba ta ɗago ba. Na tsaya kamar wadda ta zo roƙo. Can sai ta turo mini baho na biyu da ƙafa. Muka yi ta wanki har rana ta take, ina kallon mabuɗin yana shafewa a tafin hannuna.

Da muka zo shanya ta ga hannun rigata ya yage. Ta zaro allura daga ɗankwalinta, ta kama ni ta fara ɗinkewa a jikina. Matar da ke gama riga kafin shayi ya huce, ga ta tana bin yaga da allura ɗaya-ɗaya, tana matso da ido. A nan hawaye ya ƙwace mini. Ta soke ni sau ɗaya a dantse, kuma ban yi tsammanin kuskure ba ne. Har na fito ba ta yi mini magana ba, amma jiya da safe na ga an zare tsumman da ke ramin bango.

Yanzu ga laifina a wurinka. Na je wurin Mai Babban Shago a kan keken. Ba ya son sabulu, ba ya son ganin fuskata ma, amma janaretonsa da injin niƙansa duk sun tsaya. Ya ce in aka yi masa aikin makanike na kwana ashirin, keke ya koma inda ya fito. Na amsa da hannunka ban tambaye ka ba. Na san hutunka ne gaba ɗaya, na san bayanka. In ka ƙi ba zan ga laifinka ba, amma ba ni da wani abin da zan biya da shi sai kai. Ka taho da sifanoninka.

Ga sabulu guda na sa a cikin ambulan, mara tambari. Kada ka ajiye shi, ka yi wanka.

Sai ka iso, Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka mai jiranka,
Kumfa