Zanzanar Fuskarki Ba Magani Ba Ce

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke muna nan, da sauƙi da ba sauƙi. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne a inda jama'a za su gani, don maganar ta shafi mutane da yawa, kuma in da ke nake magana wataƙila na iya riƙe bakina ban zagi kowa ba. Ban dai yi alkawari ba.

Ummi ce ba lafiya, ɗiyar Haruna ƙanena, wadda kika goya kafin ki rasu. Tana kwance a asibitin da nake aiki a Katsina. Likita bai ce za ta tashi ba, bai kuma ce ba za ta tashi ba. Abin da ya kwantar da ita kuwa, Inna, da fuskarki aka kafa hujjar yinsa. Wannan shi ke cina.

Bayan rasuwarki 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu na gefen Tsaskiya, a ƙasar Safana. Haruna ya kwashi iyalinsa da Goggo Rabi, yayar Baba, suka raɓa a wani gida a Batsari, ɗaki ɗaya da rumfa. Gonar geronki ta koma daji. Ɗan asibitin ƙauyenmu an garƙame shi tun kafin mu tashi, awaki ke kwana a barandarsa. A daminar bara Ummi ta fara kumburi, da safe fuska, da yamma ƙafafu, fitsarinta ya koma kalar shayi. Suka kawo ta nan Katsina. Da yake a ɗakin gwajin jini nake aiki, ni na ɗebi jininta da hannuna. Likita ya duba ya ce ƙoda ce.

Bari in yi miki bayani irin wanda na saba, lokacin da nake dawowa hutu kina tsinke zogale ina ta zuba miki karatun da ba ki tambaye ni ba.

A cikin jinin kowane mutum akwai wata runduna ta sunadarai, likitoci na ce mata kwamfilimen. In ƙwayar cuta ta shigo, su ke fara yi mata shaida, su kira 'yan'uwansu, su taru su huda ta. Kamar 'yan sa-kai suke. Ke kuma kin rayu har kin ga abin da ke faruwa in 'yan sa-kai suka rasa mai ce musu ya isa: na gida ma ba ya tsira. To jiki yana da nasa masu tsawatarwa. A jikin Ummi, likita yana zargin tsawatarwar ce ta yi rauni, rundunar ta juyo tana dukan ƙodarta. Ya ɗora ta a kan wasu ƙwayoyi masu kwantar da garkuwar jiki gaba ɗaya, ya kuma ja mana kunne: kada ta kusanci yaro mai ƙarambau ko baƙon dauro, don abin da wani yaro zai yi ya warke yana wasa, ita yana iya tafiya da ita. Na maimaita wa Haruna har ya gaji ya ce, "Yaya, ai na ji."

Ya ji ɗin. Sai kuma ya ji wani.

Wata murya ce ta shigo wayarsa, irin waɗanda ake turawa daga wannan zuwa wancan. Wani mutum mai kiran kansa dakta, murya sumul kamar mai wa'azi, ya fara da bisimilla ya ƙare da salati. A tsakani ya ce wai Turawa sun gano agana maganin ciwon ƙoda ce, ɓoyewa suke yi, kuma duk wanda ta taɓa fito wa ya rabu da ciwon ƙoda har abada. Tir! Wallahi Inna da na saurara nan take na gane inda ya tsinto maganar, kuma abin da ya tsinta ɗin gaskiya ne kafin ya taka shi da ƙafa.

Ga gaskiyar. Ƙwayar agana, da 'yar'uwarta da aka riƙa yi wa mutane lamba da ita a da, suna ƙera wani sunadari mai kwaikwayon masu tsawatarwar jiki. Suna shiga sai ya ce wa rundunar nan ta tsaya, ta kuwa tsaya, cuta ta wuce abinta. Da irin wannan dabara ta ci ƙarfin mutane. Masana suka ce, to me zai hana a ɗauki sunadarin shi kaɗai, a haɗa shi a ɗakin bincike ba tare da cutar ba, a ba wanda rundunarsa ta haukace? Suna gwadawa a kwalabe da jikin dabbobi, suna fatan wata rana ya taimaki wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai irin ciwon Ummi. Ranar da na fara karanta wannan na yi murna sosai, na ce ashe muguwar nan ma akwai abin da za a ƙwata a hannunta. Amma har yau bai zama maganin da ake rubuta wa mara lafiya ba, ba a Katsina ba, ba a ko'ina ba. Kuma sunadari guda ake magana, ba cutar ba. Mutumin nan tamkar ya ji ana haɗa allurar sara daga dafin maciji ne, sai ya ce jama'a su je su miƙa wa kububuwa ƙafa.

Goggo ta saurara a wayar Haruna, ta sa aka maimaita mata. Sai ta ce ai ita tana da shaida. "Ku dubi marigayiya. Tun da ado ya hito mata tana yarinya, wa ya taɓa jin ta ce ƙoda?"

Haba! Ke, Inna? Ke za a kafa shaida da ke?

Ke da har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran cutar da sunanta ba, sai dai ki ce ado, ki rage murya kamar tana bayan danga tana saurare.

Ke da matan kasuwar Batsari ke kira Mai Zanzana, ki amsa da fara'a, ki dawo gida ki juya madubi ya kalli bango.

Na tuna ranar da nake yi miki kitso, na tambaye ki ramukan nan na kumatunki. Kika ce ku uku kuka kwanta a tabarma ɗaya, ke da ƙannenki biyu, ke kaɗai kika tashi. Na ce ai kin yi sa'a kin tsira. Kika ce, "Ba tsira na yi ba, rage ni aka yi."

Kuma ke ce in masu allurar rigakafi suka shigo gari, kafin su sauke akwatinsu kin jera mu a gaba, Haruna na ihu kina riƙe da wuyan rigarsa. Goggo ta ga duk wannan da idonta. Amma fuskarki ta tuna, don fuska ake gani. Ƙannenki ba wanda ya tuna da su a wannan rumfar.

Ga yadda lissafinta ya tafi. Agana ta ƙare a duniya, ba a samunta. Amma ƙarambau ai ƙanenta ne, in ji Goggo, tunda shi ma ƙuraje ne masu ruwa. Wallahi ko dangin nesa ba su haɗa ba, kama ce kawai ta ido. Aka yi rashin sa'a yaron maƙwabtansu yana fama da shi. Goggo kuma ta gaji wata al'ada wurin kakarta, ta zamanin da ba allura: a yi wa mai lafiya 'yar shasshawa a dantse, a shafa masa ruwan ƙurjin mai ado, wai ya zo masa da sauƙi. Ta aika aka sayo reza sabuwa fil, don tsabta. Kin ji, don tsabta! Ta tsaga dantsen Ummi, ta shafa ruwan ƙurjin yaron, ta kuma sa ta wuni a tabarma ɗaya da yaron.

Haruna yana wurin. Shi ya riƙe hannun. Da na tsare shi da tambaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kumburin ya ƙi sauka, hanyar Katsina kuma kin san yadda take." Na sani. A makon da ya kamata ya dawo da ita ganin likita an tare hanyar an kwashi mutane, direbobi suka ajiye motoci. Na sani sarai, amma sanin bai hana ni jin kamar in shaƙe shi ba.

Da ƙurajen suka fito, an ce Goggo har guɗa ta yi. Sun feso ko'ina, har cikin baki da fatar ido. Sai da numfashi ya fara sarƙewa, fitsari ya ɗauke ɗif, sannan aka nemo mota. A ƙofar asibiti Goggo ta tare ni, fuskarta a sake, ta ce, "Binta, ya kama. Ya hito mata sosai, kamar na uwarki." Abin da na mayar mata ba zan rubuta ba. Kin hore ni kada in ɗaga wa babba murya, ranar nan har masu gadi sai da suka leƙo.

Yanzu da na ɗan huce, na rasa inda zan sauke fushin, don ya fi ƙarfin tsohuwa ɗaya. Ina jin haushin mai muryar nan, wanda ko sunansa bai faɗa ba, yana can yana cin tuwonsa. Ina jin haushin masu turawa, waɗanda ke rubuta "a yaɗa don samun lada" a ƙarƙashin abin da ba su bincika ba. Wane lada, jama'a? Na fi jin haushin waɗanda suka bar asibitin ƙauye a garƙame, suka bar hanya a hannun ɓarayi, har waya ta zama likitan talaka. Goggo ba mahaukaciya ba ce. Da akwai malamin asibiti inda ƙafarta za ta kai ta, da ta je ta tambaya, don ita ko ciwon haƙori sai ta ji ra'ayin mutum uku. Masu binciken ba ni da faɗa da su, Allah ya ba su sa'a. Abin da ke ƙona min rai shi ne, a wasu ƙasashen tuni akwai wasu magungunan da ke kwantar da rundunar nan, likitanmu a takarda kawai ya san su. Mu magani ba ya iso mana. Labarinsa ne ke zuwa, shi ma a karye.

Kuma muryar tana nan tana yawo. Jiya wata mata da mijinta ke kwance da ciwon ƙoda ta ga farar rigata, ta tare ni a baranda ta kunna min ita, tana tambaya ko gaskiya ne, don a unguwarsu akwai yaro mai ƙarambau. Na kama hannunta na kai ta tagar ɗakin da aka keɓe Ummi, na ce ta leƙa. Ta leƙa, ta yi salati, ta goge muryar daga wayarta a gabana. Mutum ɗaya ke nan, Inna. Ba zan iya jan duk Batsari da Safana zuwa wannan tagar ba.

Goggo tana gindin darbejiyar bakin asibiti, ta ƙi komawa gida, ta ƙi abinci. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda gudun hijira ya tsufar da ita. Na kai mata kunu, ta riƙe kofin ba ta sha ba, ta ce, "Binta, in ta mutu ni na kashe ta ko?" Na buɗe baki in ce a'a, ya ƙi fita. Na buɗe in ce i, shi ma ya ƙi. Sai na zauna kusa da ita na riƙe mata kofin har ta sha. Na san haka za ki yi, ko da yake ke da ba ki fara da ihu ba.

Yau da hantsi Ummi ta yi fitsari. Kaɗan ne, bai rufe gindin kwalba ba, kuma baƙi ne. Aikina ke nan shekara da shekaru, karɓar kwalaben mutane ina toshe hanci, amma wannan da hannu biyu na ɗauke shi zuwa ɗakin gwaji ina kuka, abokan aiki na kallona. Likita ya ce kada in yi saurin murna, huhunta bai saki ba tukuna. Na ce to. Na fita na faɗa wa Goggo, ta kife goshinta a ƙasa nan gindin bishiyar.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya jiƙan ƙannenki da ban taɓa jin sunansu ba. Allah ya shirya mai muryar nan, in ba mai shiryuwa ba ne ya ɗauke wa jama'a shi. Allah ya buɗe mana hanyoyinmu. Ina kewarki kullum, kuma na san yadda kike son yarinyar nan, ko kuka ta yi sai kin kwance zane kin goya ta. Amma wannan karon ki yi haƙuri. Roƙon da nake yi safe da yamma shi ne Allah ya jinkirta haɗuwarku.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Binta