Sunan Ɗan Fari

Dagmanet, Agadas

Yakubu,

"Yaya, da hannuna na ɗauke shi, da hannuna zan maido miki shi." Kai ka faɗi haka a ƙofar gidana, ranar da ka sa ɗana a motarka zuwa wurin haƙar zinariya a Jado. Ka dawo da hannuwanka biyu lafiya lau. Shi ne babu.

Ina gaishe ka, ina gaida Suwaiba da yara. Tunda ba ka ɗaukar tarho, na ba Amadu direba, mai kamiyon albasa, wannan takarda.

Shekarun nan duka ni ke gasa gurasar Jibin Ubangiji a majami'armu, amma in faranti ya iso gabana sai in miƙa wa na kusa. Fasto ya ce mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya fara shiryawa da shi kafin ya ci. Ba sai ya tuna mini ba, na iya karatu. Ko a addu'ar da muke yi tare, in an iso layin yafewa rufe bakina nake yi.

Ka zo ka kai ni kabarinsa.

Yayarka,
Tabawa

Iferwan

Yaya Tabawa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Almasihu, da fatan kina lafiya. Mu lafiya lau, sai aikin garka, ban ruwa ba ya barin mutum ya motsa.

Yaya, kabari ba ya tsayawa a hamadar Tenere, rairayi tafiya yake. Yaron yana wurin Ubangiji. Ni na roƙi gafarar Allah, na kuma samu salama. Ke ma ki saki zuciyarki. Ki rubuto mini "na yafe", ya wadatar.

Ƙanenki mai biyayya,
Yakubu

Dagmanet

Yakubu,

Gaisuwa. Ka samu salama? Barka. Ni ba a kawo ta unguwarmu ba.

Shaibu, direban da ya tsince ka, ya faɗa mini kome. Ya tarar da kai a inuwar mota, da sauran ruwa a bido, jarkar nan taku. Ko yaron mota ya san dokar sahara: in mota ta mutu, ba a barin ta. Kai ka zauna, ka tura ɗana neman rijiya a ƙafa. Babu wani kabari, Yakubu. Ba ku same shi ba.

Kuma "yaron" ka rubuta. Ni kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa tun ranar suna, har ya tafi bai taɓa jin sa a bakina ba. Kai me ya hana ka?

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Lokotoro a asibiti ya ga ƙari a cikina. Ya juya ya yi wa abokin aikinsa bayani da Faransanci, bai san harshen da na koyar wa yara a lakkol har na tsufa ke nan ba. Ba zan ga damina ba.

Yafewa ba albasa ba ce da za a ɗora wa Amadu. Ka zo.

Tabawa

Iferwan

Yaya,

Na karanta. Gaskiya ne, ni na ce ya tafi. Babu wata salama. Duk ranar da na buɗe ruwa a garka sai in kasa sha. Ba zan iya kallon idonki ba. Ki yi haƙuri.

Yakubu

Dagmanet

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Zan yafe maka. Ba don ka cancanta ba, sai don ba zan tsaya gaban Ubangijina da kai a maƙogwarona ba. Amma ido da ido.

Asabar ɗin kafin Idin Tashin Almasihu zan gasa gurasa. Ina jiran ka har faɗuwar rana. In ka zo, Lahadi mu karya ta tare.

In ba ka zo ba, Litinin zan hau kamiyon Amadu da gurasar a ɗaure a gefen zanena. Lokotoro ya ce cikina ba zai ɗauki hanyar Iferwan ba. In na iso, za ka ji kalmar daga bakina. In na cika a hanya, wannan karon ka sa dutse. Ka rubuta a kansa: uwar Iliya.

Allah ya kiyaye ka.

Yayarka,
Tabawa