Ladi Ta Girma

Laraba da dare, watan Nuwamba

Yau hankalina ya kwanta game da Ladi, mesata. Sati uku ke nan ta ƙi cin ɓera, kuma ita da ba ta da aiki sai nannaɗewa a lungu, yanzu kullum tana kan reshen da na sa mata a akwatin gilashi, tana dungurin murfi da hanci. Na ɗauka ciwo ne. Ko a wurin aiki tunaninta nake yi.

Bayan la'asar na roƙi Baba Issaka, mai tasin nan na unguwar Soundview, ya biyo. Ya yi kiwon mesa a Ghana shekaru da yawa. Ya ɗauke ta, ya shafa cikinta a hankali, ya duba bakinta, ya tambaye ni shekarunta. Na ce uku da rabi.

Sai ya yi dariya. "Malam Sani, lafiyarta ƙalau. Girma ta yi, miji take nema. In sanyi ya shigo haka suke yi."

Wallahi sai da ƙwalla ta taru mini. Na kawo ta gidan nan ba ta fi tsawon hannuna ba.

Matata Hadiza, da ba ta taɓa yarda ta matsa kusa da akwatin ba, tana jin mu daga kicin. Da Baba ya tafi ta zo ta tsuguna gaban akwatin, ta daɗe tana kallon Ladi.

"Ki ci abinci tukuna, 'yan mata," ta ce. "Zancen miji sai kin yi ƙiba."